Mu Biyar da Mutuwar Deonarine

Litinin, 8 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Yau ban soya komai ba. Shekara goma sha ɗaya ina zama a ƙofar makarantar firamare da tiren folori, irin ƙosan nan namu, da miyar mangwaro, ko ana ruwa ko ana rana, sai yau da gwamnati ta ce tana son ganina. Ranar da ɗan sanda ya kawo takardar, maigidana Ayube ne ya karɓa. Ya juya ta sama da ƙasa, ya ce, "Naz, faɗa mini gaskiya tun muna mu biyu. Me kike zuba wa 'ya'yan mutane a ƙullun nan?" Na ce ya ba ni takardata, tunda ko tabarau bai sa ba.

Ba laifi na yi ba. An zaɓe ni cikin mutum biyar da za su zauna tare da majistare a binciki mutuwar wani mutum. Majistaren mace ce, siririya, ba ta ɗaga murya. Ta ce mana, "Ba shari'ar kowa ake yi a nan ba. Abin da nake so ku gano shi ne wane ne ya mutu, yaushe, a ina, kuma ta yaya, sannan ku faɗa mini ko da hannun wani a ciki. Abin da kuka ji a ɗakin nan shi kaɗai za ku auna. Na kasuwa ku bar shi a kasuwa."

Mun zaɓi Ticha Benn ya zama shugabanmu, tsohon hedimasta ne, da ma tun kafin a zaɓe shi ya zauna a kujerar farko. Sai Sista Ismay da ta yi ritaya daga aikin jinya, da Rajpaul direban bas ɗin New Amsterdam, da wata yarinya Shondell mai aiki a kantin magani. Kowa ya yi rantsuwa da littafin addininsa.

Mamacin sunansa Deonarine Sukhdeo, manomin shinkafa a Black Bush, shekara arba'in da tara. Ya rasu a watan Agustan bara. Maganin feshi ne.

Majistare ta tambaya ko akwai wanda ya san shi ko danginsa. Ban san su ba. Abin da ta tambaya ke nan, shi na amsa.

An hana mu zancen da kowa, har mazajenmu. Shi ya sa na sayi littafin nan a hanya.

Talata, 9 ga Satumba, bayan azahar

Na wanke tukwane duka, har waɗanda ba a dafa komai a ciki ba.

Laraba, 10 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Shaida biyu yau. Na farko kofur ɗin da ya je wurin. Ya karanta daga littafinsa kamar ana korarsa: an sami mutumin kwance a kan gaɓar da ke tsakanin gonarsa da magudanar ruwa, kumfa a bakinsa, tankin feshinsa na goyo a gefe, kwalbar magani a buɗe a gindin bishiya. An kai shi asibiti, bai kai magariba ba. Majistare ta ce, "Me ya sa ka rubuta cewa ya sha?" Ya ce, "Ranki ya daɗe, haka mutanen wurin suka ce." Ta ce, "Wane mutum ne ya gan shi yana sha?" Ya duba littafin, ya sake dubawa. Babu.

Na biyu wani tsoho mai kiwon shanu, Pa Cyril, shi ya fara ganinsa. Kunnensa ɗaya ba ya aiki, sai da magatakarda ya koma ɗaya ɓangaren. Ya ce tun safe yake hango Deo yana kaiwa yana komowa cikin shinkafa, ƙwaro ya yi wa gonar yawa a shekarar. Sau biyu ya ga ya tsaya ya busa bakin feshin da bakinsa don ya toshe. Majistare ta ɗago kai. Ya ce, "Kowa haka yake yi, 'yata. Wa zai koma gida neman allura?" Wai 'yata. Magatakarda ya zaro ido, ita kuwa ta yi kamar ba ta ji ba.

Ya ce da ya isa, Deo yana rawar jiki, gumi kamar an tsamo shi daga kogi. Deo ya ce masa, "Kawu, bayana." Daga nan bai ƙara cewa komai ba.

Ya kuma ce kwanon abincin Deo na rataye a reshe, ya ci rabi ya rufe sauran, ya ɗaure da tsumma saboda tururuwa.

Matar mamacin tana benci na biyu, ita da 'yarta. Dangin mijin suna can ɗaya gefen. Tsakaninsu fili ne da mutum shida za su zauna, ba wanda ya zauna.

Alhamis, 11 ga Satumba, da safe

Na koma ƙofar makaranta. Yaran suka yi ca, "Anti Naz, an ce 'yan sanda sun kama ki!" Na ce ƙwarai, kuma na ba su sunayen masu tsoma yatsa a miya. Na yi dariya sosai yau, har na yi mamakin kaina.

Asabar, 13 ga Satumba, ƙarfe biyu

Ayube yana kwance a ragar lilo a ƙarƙashin gida, tunda gidanmu a kan ginshiƙai yake, ya ce, "Mutuwar me kuke bincike ne? Mota?" Na ce an hana ni faɗa. Ya ce shekara talatin da huɗu ban taɓa riƙe magana ta kwana a cikina ba, sai yanzu da gwamnati ta sa baki. Na ci gaba da tsince shinkafa. Can sai ya daina wasa, ya ce, "Naz, irin wancan ne?"

Na ƙara sunkuyar da kai kan shinkafar. Bai sake tambaya ba. Ya tashi ya ɗora mini ruwan shayi, abin da ba ya yi sai in ba ni da lafiya.

Litinin, 15 ga Satumba, ƙarfe shida saura

Rana mai nauyi.

Ƙanen mamacin ya fara, Harrilall. Ya sa farar riga mai guga, ya ƙi kallon gefen da matar take. Ya ce da safen ranar an yi faɗa a gidan yayansa, har titi ana ji. Ya ce da kunnensa ya ji ta ce masa, "Je ka, shinkafar ta binne ka." Ya ce tun ranar mahaifiyarsu ba ta sake taka gidan ba, kuma ba za ta taka ba. Majistare ta ce ya tsaya kan abin da ya gani da abin da ya ji. Ya ce, "To ai shi na faɗa. Baki ma wuƙa ne, ranki ya daɗe."

Sai aka kira matar, Kowsilla. 'Yar ƙarama ce, hannunta duk kanta. Ashe ita ta yi ta zirga-zirga shekara guda, daga ofishin 'yan sanda zuwa kotu, tana roƙon a yi zaman nan. Na ɗauka za ta musanta. Sai ta ce, "Na faɗa. Haka na ce, bai ƙara ko kalma ba." Ta ce kwana uku yana feshi yana dawowa da ciwon kai da amai, ta ce ya huta ko ya sa rigar leda, ya ce zafi zai kashe shi a ciki kafin ƙwaro ya gama da gonar. Shi ne ta faɗa masa haka. Ta ce, "Kuma na bi shi har ƙofa da kwanon abincinsa. Ya karɓa, ya ce na cika barkono a baki da tukunya."

Majistare ta tambaye ta ko ya taɓa zancen kashe kansa. Ta ce, "Bai taɓa ba. Amma ban zo nan don a wanke ni ba. In ya sha ne, ku faɗa mini, zan ɗauka. Rashin sanin ne ya hana ni zama."

A wurin cin abincin rana Shondell ta kasa haƙuri, ta ce, "Ni dai kwanon nan ya ishe ni. Wanda zai kashe kansa ina ruwansa da tururuwa?" Rajpaul ya ce, "Faɗa musu, ƙanwata." Ticha Benn ya buga cokali a tebur, ya ce ba a gama jin shaidu ba, kowa ya kama bakinsa.

Ina so kwanon ya zama hujja, Allah ya sani ina so. Amma ba hujja ba ce. Na sani.

Talata, 16 ga Satumba, da hantsi

Na ƙona folori kasko biyu. Ban taɓa ba.

Laraba, 17 ga Satumba, ƙarfe ɗaya

Mun je mun zauna har sha ɗaya, likitan da ya duba gawar bai zo ba, yana wata kotu a Georgetown. An ɗaga sai Talata. Kowsilla ta tashi ta gyara mayafinta ta fita, ko tsaki ba ta yi ba. Ina jin ta saba.

Kafin mu watse Rajpaul ya raɗa wa Ticha Benn magana, Ticha ya miƙe ya ce muna da roƙo: muna so mu ga tankin feshin da idonmu. Sai ga shi ba a ma kawo shi ba, yana ɗakin ajiyar 'yan sanda tun bara. Majistare ta ce a nemo shi. A waje Rajpaul ya ce mini mahaifinsa feshi ya yi har ya tsufa. Ya ce, "Anti, mutum ya ce bayansa. Bai ce cikinsa ba, bai ce maƙogwaronsa ba. To me ke bayansa tun safe?"

Duk surutunsa ashe da kai a wuyansa. Na ba shi folori kyauta, na ce kada ya saba.

Juma'a, 19 ga Satumba, bayan la'asar

'Yata Shazeeda ta kira daga Toronto. Ta ce muryata ta canja. Na ce mura ce. Ta nuna mini jikana yana rarrafe, ya kama ƙafar kujera ya miƙe, ya faɗi a kan gindinsa, ya sake kamawa. Sau huɗu muna kallo.

Ta ce, "Mama, wata mai zuwa shekara goma sha tara ke nan da rasuwar Kawu Feroze, ko? Za ku yi karatu?" Na ce layin ba kyau.

Asabar, 20 ga Satumba, da rana

Na share ƙarƙashin gida sau biyu. Ayube ya ce in na ci gaba zan tono mai.

Lahadi, 21 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

Ina ta tunanin ko in je in ce wa majistare ta cire ni. Na shirya maganar a bakina: ranki ya daɗe, ni ban dace ba, ina da abin da nake so amsar ta zama. Amma in ta ce me ya sa fa? Sai na faɗa ke nan, a gaban magatakarda da kowa.

Kuma wa ya ce sauran huɗun ba su da nasu? A gaɓar Corentyne ɗin nan, nuna mini gidan da kwalbar nan ba ta taɓa wani nasa ba. Sista Ismay da ta yi shekara talatin a asibiti, nawa ta gani?

Zan zauna. Sai dai zan sa wa kaina ido fiye da yadda nake sa wa shaidu.

Talata, 23 ga Satumba, ƙarfe biyar

Likita ya zo. Dattijo ne mai sanƙo, yana magana a hankali kamar mai koya wa yara karatu. Ya ce maganin ƙwari ne ya kashe shi, wannan ba shakka, gwajin jini ya nuna. Tambayar ita ce ta ina ya shiga.

Ya ce irin wannan magani fata ma tana shansa, musamman in mutum yana gumi cikin rana. Ya ce bayan mamacin, daga kafaɗa har ƙugu, ya yi ja ya saɓule a wurare. A cikinsa ya sami gurasar roti da kabewa da ba su gama narkewa ba. Akwai maganin a ciki, amma kaɗan. Ya ce waɗanda suka sha da gangan, da ka buɗe cikin warin ne zai fara gaya maka, kuma za ka ga ruwan maganin kwance. A nan bai ga haka ba.

Sista Ismay ta sa Ticha ya tambaya: ɗan abin da aka samu, zai iya zama daga busa bakin feshi, ko cin abinci da hannu ba wanki? Likita ya ce zai iya. Ticha Benn ya ƙara tasa: "Za ka iya rantsuwa bai kurɓa ko kaɗan ba?" Likita ya cire tabarau, ya ce, "Malam, ba na wurin. Gawa tana faɗa mini abin da ya shiga jiki. Ba ta faɗa mini abin da ke zuciya."

Na ji daɗin da bai yi ƙarya don ya faranta wa kowa ba.

Da ana zancen buɗe ciki 'yar Kowsilla ta fita. Uwar ba ta motsa ba. Na lura mahaifiyar mamacin ta zo yau, karon farko, tsohuwa da sanda da farin mayafi. Ta zauna kusa da Harrilall.

Ashe haka ake yi. Ashe akwai mai dubawa, akwai mai tambaya, akwai mai rubutawa. Mu a lokacinmu takarda ɗaya aka ba mu, aka ce mu je mu yi jana'iza. Ba wanda ya tambaye mu komai, mu ma ba mu tambayi kowa ba. Mun riga mun yanke namu.

Ba zan rubuta wannan yau ba.

Alhamis, 25 ga Satumba, ƙarfe huɗu da rabi

Yau kam sai na rubuta duka, kada in manta.

An kawo tankin, shuɗi, duk ƙura. A wuyansa, ƙarƙashin murfi, an naɗe wata baƙar roba irin ta tayar keke. Majistare ta yarda a gwada shi da ruwa a harabar kotu, bayan an ɗauraye shi sau uku. Rajpaul ya ce ruwa a kan riga ai ba za a bambanta shi da gumi ba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ce, "A zuba bula mana, ta wanki." Kowa ya juyo. Majistare ta ce, "Madam Hoosein ta kawo shawara mai kyau." Aka aika kanti.

Kofur ɗin nan da ya rubuta "ya sha", shi aka goya wa, da farar singileti. Ya tsaya, ba komai. Ya yi tafiya daga bishiyar mangwaro zuwa ƙofa ya dawo, ƙafa a miƙe kamar a fareti. Ba komai. Harrilall ya naɗe hannu a ƙirji.

Sai Pa Cyril ya ɗaga murya daga cikin 'yan kallo, "Kai ɗan nan, haka ake tafiya a gonar shinkafa? Taɓo ne har gwiwa! Sunkuya, ka ciro ƙafa kamar ta maƙale!" Aka yi dariya. Majistare ta ce a yi yadda ya ce. Kofur ya sunkuya, ya fara tangaɗi yana famfo da hannu ɗaya. Taku biyar, shida. Sai ga shuɗi ya ɓullo a tsakanin kafaɗunsa, ya gangaro ta tsakiyar baya, ya bazu har ƙugu. Kafin ya kai ƙofa singiletin ta rine.

Dariyar ta ɗauke. Ya sauke tankin a hankali, ya taɓa bayansa, ya duba hannunsa. Na ga fuskarsa. Ba mugu ba ne, yaro ne da ya rubuta abin da aka faɗa masa.

Ticha Benn bai bari mun yi saurin murna ba. Da muka koma ciki ya ce tankin ya shekara a ajiye, wa ya sani ko a can ya tsage? Raina ya ɓaci da shi, amma gaskiyarsa. Majistare ta sa aka fito da hotunan da aka ɗauka a gonar ranar da abin ya faru. Muka karɓa hannu zuwa hannu. Ga tankin a kan ciyawa, ga baƙar robar a wuyansa, ƙulli ɗaya da na yau. Aka sake kiran Kowsilla, ta ce shi ya ɗaure da kansa, ya ce zai sayi sabo in an yi girbi.

Daga ƙarshe malamin gona ya auna abin da ya rage a kwalbar. Ya ce abin da ya fita bai wuce abin da feshin gonar da aka riga aka yi zai ci ba.

Da za a tashi na ga tsohuwar tana kallon Kowsilla. Kallo kawai. Amma a da ko wannan babu.

Juma'a, 26 ga Satumba, da safe

Na yi barci har rana ta fito. Ayube ya ce ya zo sau biyu ya duba ko ina numfashi.

Litinin, 29 ga Satumba, ƙarfe shida na yamma

An gama.

Majistare ta bi mana shaidun ɗaya bayan ɗaya. Ta ce hanya uku ce a gabanmu: ko ya kashe kansa, ko haɗari ne, ko mu ce ba mu iya ganewa ba. Ta ce kada mu ce ya kashe kansa sai hujja ta nuna ya yi, kuma ya yi nufi. Kada kuma mu ce haɗari don tausayi. Aka rufe mu a wani ɗan ɗaki mai fanka ɗaya.

Shondell da Rajpaul suka ce haɗari. Sista Ismay ma haka. Ticha Benn ya ce shi zuciyarsa ta fi kwanciya da "ba mu gane ba". Ya ce an yi faɗa da safe, an sami magani a ciki komai ƙanƙantarsa, likita kuma ya ƙi rantsuwa. Shondell ta ce, "Haba Ticha, kwanon abincin fa? Ya rufe saboda tururuwa!" Ya ce, "Faɗan fa?" Ta ce kwano, ya ce faɗa. Suka yi ta yi kamar masu ciniki.

Sai Sista Ismay ta ce, "Nazmoon, ke ba ki ce komai ba."

Na ce, "Ku ajiye kwanon nan. Ba ya nuna komai." Shondell ta dube ni kamar na ci amanarta. Na ce, "Yayana Feroze, ranar da ya sha, da safe ya je ya yi aski. Ya biya kasuwar Rose Hall ya sayo wa 'yarsa takalmin makaranta, har ya sa ta gwada. Ya ba kajinsa ruwa. Ƙarfe biyu muka same shi."

Shekara goma sha tara, yau na fara faɗar kalmar da bakina. Kuma a gaban baƙi.

Na ce, "Ticha, kai ma ka ajiye faɗan. Mu ma an ji muryar matarsa a ranar, muka ce ita ce. Ni na fara faɗa, a gaban mutane, gawar tana kwance. To wace rana ce ba a jin muryar miji da mata? Ni da nawa mun yi yau da safe a kan gishiri. Har yau ban san abin da ya sa yayana ya yi ba, kuma ba zan sani ba. Amma wannan mutumin muna da abin da za mu duba. Ku cire kwano, ku cire faɗa, ku ga me ya rage."

Sista Ismay ta ɗora hannunta a kan nawa. Ticha Benn ya jawo takarda, ya ce, "To. Me ya rage?" Muka lissafa masa yana rubutawa: bayan da ya saɓule, tankin da ke yoyo tun kafin ranar, ciwon kai da aman kwana uku, kwalbar da ba ta ragu fiye da aikin ba, cikin da ba a sami maganin kwance ba, busa bakin feshi, da kalmarsa ta ƙarshe. Ya ce, "A ɗaya gefen fa?" Muka yi ta nema. Ba wanda ya gan shi ya sha, ba wanda ya taɓa jin ya ce zai yi. Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Na koyar da lissafi shekara talatin da biyu. Wannan ba sai an kira hedimasta ba."

Shi ya miƙe ya faɗa a kotu: Deonarine Sukhdeo ya mutu ne da gubar maganin ƙwari da ta shiga jikinsa ta hanyar haɗari yana cikin aikinsa, kuma ba hannun kowa a ciki. Muka roƙa a ƙara cewa a riƙa faɗakar da manoma kan tanki mai yoyo. Majistare ta ce za ta rubuta. Duk muka sa hannu.

Kowsilla ba ta yi kuka ba. Ta zauna kawai, ta buɗe tafin hannunta a kan cinya. 'Yar ce ta yi kukan. Harrilall ya fita da sauri. Tsohuwar ta miƙe da ƙyar, ta zo wucewa ta gaban bencinsu, ta tsaya. Ban ji duk abin da ta ce ba, ƙarshen kawai na ji: "Kin rame." Kowsilla ta sunkuya ta taɓa ƙafarta, gaisuwar girmamawa irin tasu, tsohuwar ba ta janye ba.

Rajpaul ya kawo ni har ƙofar gida, ya ƙi karɓar kuɗin mota. Na faɗa wa Ayube komai, tunda yanzu an halatta. Ya saurara har ƙarshe bai yi wasa ko ɗaya ba.

Laraba, 1 ga Oktoba, bayan azahar

Na tambayi Ayube ko ya san inda Bauji take yanzu, matar Yaya Feroze. Ya ce ƙauyen Lamba 64, gida na uku bayan masallaci. Na ce ya aka yi ya sani haka da sauri? Ya ce duk Sallah yana kai musu nama. Shekara goma sha tara, a bayan idona.

Na rasa ko in yi faɗa ko in gode. Na ce ya tashi ya gyara mini ƙafar tire.

Alhamis, 2 ga Oktoba, da hantsi

In ta rufe mini ƙofa, gaskiyarta.

Asabar, 4 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na je. Ayube ya so raka ni, na ce a'a.

Na same ta a tsakar gida tana shanya barkono a kan buhu. Gashinta ya yi fari fat. Na tsaya a bakin gadar katakon da ke ƙofarta, na yi sallama. Ta ɗago, ta kare rana da hannu. Ta daɗe tana kallona.

Ta ce, "Nazmoon."

Na ce, "Bauji."

Duk abin da na shirya a mota ya gudu. Na ce, "Maganar da na faɗa ranar nan. Ban san komai ba na faɗe ta. Har yau ban sani ba."

Ta ce, "Ni ma ban sani ba. Kin ɗauka na sani?"

Na ce a'a. Na ce ta yafe mini in za ta iya, in ba za ta iya ba ma na fahimta. Ta sunkuya ta ci gaba da baza barkononta, har na fara tunanin in juya. Sai ta ce, ba ta ko ɗago ba, "Yafiya ba yau ba, kada in yi miki ƙarya. Amma 'yata Fazia na ciki da jaririnta, wata biyu ke nan. Sunan babanta ta sa masa. Ba za ki tsaya a titi kamar mai tallan kifi ba, yaro bai ga kakarsa ba."

Na taka gadar. Ta ce, "Bi ta hagu, katakon dama ya ruɓe."

Na bi ta hagu.